Wayar Birki a Wuyan Gurmi

Minti goma sha ɗaya Lawali ya yi yana kaɗa gurmi bai ji sautin kansa ko sau ɗaya ba. Yana ganin yatsunsa suna aiki, yana jin ƙwaryar tana rawa a jikin haƙarƙarinsa, amma ba abin da ke shiga kunnensa sai rugugin gangunan Uzairu da kukan jitar Ishaq. Da aka kai ƙarshe aka yi tsit, ya duba ƙasa, sai ga wayar makirfonsa yashe a kan kafet. Tun tsakiyar waƙar ta zare. Ba wanda ya lura.

Ishaq ya share gumi da gefen rigarsa, ya ce tun da suka fara gwaji ba su taɓa yin wanda ya kai wannan daɗi ba. Uzairu ya wulla sanda sama ya cafe. Hamad mai jitar bes ne kaɗai ya saci kallon wayar, ya saci kallon Lawali, sannan ya duƙa ya shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

A wannan ɗakin na ƙarƙashin wani bene a Hadayek el-Maadi, mai bango liƙe da kwalin ƙwai, aka haifi ƙungiyar Hashiya a farkon 2011, kuma Lawali ne ya raɗa mata suna. Karatu ya kawo shi Alƙahira daga Damagaram, gurmin kawunsa Mas'udu na ƙasan akwati, littattafai a samansa. A wani bikin 'yan Sudan a Ard al-Liwa Hamad ya ja shi ya kaɗa, wata Bamisra mai suna Huda ta ji, ta bi shi har bakin titi tana roƙon ya zo ya ji abin da take yi da fiyano. Daga nan suka shiga kiɗan rok irin mai dogon numfashi, wanda waƙa guda takan ci minti goma sha shida, ta canja taku sau biyar, ta bar ka a inda ba nan ta ɗauke ka ba. Masu sauraronsu ba su da yawa, amma a ƙasa suke zama su rufe ido. A tsakiyar babbar waƙarsu, Ayari, kowa kan ɗauke hannu a bar gurmi shi kaɗai minti huɗu. Saboda waɗannan minti huɗun Lawali yake jure cunkoson mota daga Giza zuwa Maadi sau biyu a mako.

Sai bazarar 2013 ta zo da abin da ta zo da shi: soja suka karɓi mulki, aka kafa dokar hana fita. Huda da mijinta, wanda shi ne mai gangarsu, suka tattara suka koma Iskandariyya. Ishaq ya ɗauki ragama. Ya ce garin nan yanzu ba mai haƙurin rufe ido, kowa cike yake, abin da zai daki ƙirji ake so. Aka sassauto da jitoci ƙasa har suna gurnani, aka bar gurbin fiyano ba kowa. Mai ganga kuwa, Lawali ne da ƙafarsa ya je ya nemo shi: Uzairu, ɗan wani ɗan kasuwar Kano, haifaffen Alƙahira, ɗalibin injiniya mai buga ganga da ƙafa biyu kamar ana sussukar gero da inji. Ya kawo shi ne don ya samu ɗan'uwa a ɗakin. Ɗan'uwan ne yau ya binne shi da ransa.

Suna naɗe wayoyi Ishaq ya fito da takarda. An ba su wasa ranar Jumma'a mai zuwa ta sama, a wani tsohon gareji a Wustul Balad, tsakiyar birni, da aka mayar zauren kiɗa. Da yake dokar hana fita ta Jumma'a ƙarfe bakwai take farawa, da la'asar za a yi, ƙungiya huɗu, kowacce rabin awa. Abin da suka shirya ya kai minti talatin da biyar. Dole wani ya ba da nasa. Akwai minti huɗun gurmi, akwai kuma wani sabon wuri da Uzairu ke dukan ganguna shi kaɗai, shi kuma wajen minti biyar.

Nan Lawali ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a garinsu. Shi ne babba, shi ya kawo yaron, ga baƙi a wurin. Ya gyara murya ya ce, "Ku fara da nawa. A cire."

Ya faɗa ne yana kallon Uzairu, yana jiran abin da ya san zai biyo baya. Yaro zai zabura ya ce haba Yaya, wa ya isa, nawa za a cire. Shi kuma ya ce a'a, ai kai baƙo ne. Yaro ya rantse. A ja sau biyu sau uku, a ƙarshe babba ya karɓa kamar dole aka yi masa, kowa ya tashi da girmansa. Haka ake kara tun kaka da kakanni, ko a kan cinyar kaza ce.

Uzairu ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Tamam, Yaya. Allah ya saka."

Ishaq ya ja layi da biro a kan takardar, ƙarar biron har cikin haƙorin Lawali. Ya ce da ma ya san Lawali mutum ne mai fahimta.

Lawali ya rataya gurminsa ya fito titi. Sai da suka shiga jirgin ƙasa shi da Hamad, suka samu sanda guda suka riƙe, sannan ya fashe. Ya ce an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ya ce yaron nan ko ɗan Bature ba zai yi abin da ya yi ba. Hamad, wanda kakanninsa suka tsaya a Mai Wurno ta Sudan a hanyar Makka ba su ƙarasa ba, ya san kara sarai, amma ya ce shi laifin Lawali ya gani: ka san kasuwar da za ka kai hajarka. Duk da haka ya yarda zai je wurin Ishaq ya yi magana, don Lawali ya ce shi ba zai tsaya gaban ƙanensa yana roƙon abin da ya bayar da bakinsa ba.

Kwana biyu Hamad ya dawo da amsa, ya same shi a ɗakinsa na saman bene a Ard al-Liwa yana bitar darasi. Sai da ya sha shayi kofi biyu, ya yi zancen tsadar tumatir, ya yi zancen wani maƙwabcinsu da aka kora daga gida, kafin Lawali ya rufe littafi ya ce ya faɗi abin da ke bakinsa.

Ishaq ya ce ba lokaci ba ne matsalar. Tun da aka sassauto da jitoci, gurmin ya zama kamar kukan sauro a kan injin niƙa, muryarsa tana can sama ita kaɗai, ba ta haɗuwa da komai. In zai iya saukowa inda suke, a kuma ji shi, minti huɗunsa suna nan, Uzairu ya haƙura. In ba zai iya ba, akwai tsohon ɗaukar gurmin a kwamfuta, za a saki daƙiƙa talatin a farkon wasa.

"Ni kuma fa?"

Hamad ya juya kofin a hannunsa. "Ya ce ka zo, ya zol, mutumina. Ka zauna a gaba, ka sa babbar riga da rawani. Wai yana kyau a hoto."

Lawali ya ture littafin gefe. Shekara uku, shi ya raɗa suna, shi ya tsara rabin waƙoƙin, yau an mai da shi labule. Ya ce wa Hamad ya koma ya gaya wa Ishaq kada ya kuskura ya taɓa kwamfutar nan. Gurmi zai sauko.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Tsirkiya biyu ce a gurmin, ta zaren kamun kifi, ɗaure a wuyansa da zoben fata da ake turawa sama ko ƙasa. Ya turo zoben ƙasa, ya sassauta, ya kaɗa. Tsirkiyar ta yi lakwas, ta ce faɓ kamar igiyar shanya. Ya sayo zare mafi kauri a wurin masu kayan kamun kifi a Imbaba, ya kwana biyu yana gwadawa. Ya ɗan sauka, amma ko rabin inda jitar Ishaq take bai kai ba. Ranar Talata, saura kwana uku, yana dawowa daga sallar azahar ya tsaya a gaban wani mai gyaran tuk-tuk, adaidaita-sahun can, a bakin layinsu, idonsa a kan wani abu da ke rataye a ƙusa. Wayar birki.

A gida ya sha ganin masu ƙananan kayan kiɗa suna warware wayar birkin keke su zare sili guda su ɗaura. To in silin keke yana ba da murya siririya, ai na tuk-tuk, in an bar shi da kaurinsa, zai ba da ta ƙato. Mai gyaran ya ba shi tsohuwa guda, ya ƙi karɓar komai, ya dai tambaye shi ko jaki zai ɗaure da ita.

A kan rufin gidan, tsakanin tankunan ruwa da kejin tattabarun mai gida, Lawali ya warware wayar ya bar sili huɗu a murɗe. Ya ɗaura, ya ɗora ta a kan ɗan itacen nan da ake ce wa jaki, wanda ke tsaye a tsakiyar fatar yana ɗauke da tsirkiya. Ya ja zoben a hankali. Ya kaɗa.

Tattabaru suka tashi. Sautin da ya fito bai taɓa jin irinsa a bakin gurmi ba, mai kauri, mai duhu, har cikin cibiya. Ya yi dariya shi kaɗai. Saura ƙiris ya kai inda ake so. Ya sa ƙarfi ya ƙara ja.

Ba wata babbar ƙara aka yi ba. Ɓarr kawai, kamar an yaga tsohon zane. Jakin ya nutse cikin ƙwarya, fatar ta dare tun daga tsakiya har baki. Fatar guza ce, wadda Kawu Mas'udu ya jiƙa ya ja da hannunsa tun Lawali bai fara azumi ba. Ta jure zafin Damagaram, ta jure sanyin Alƙahira, ta jure akwatin jirgi. Ya zauna da gurmin a cinya har aka kira la'asar, ya rasa ma wanda zai zaga. Ishaq bai sa shi ba. Uzairu bai sa shi ba.

Washegari da sassafe yana titin Muhammad Ali, inda masu sassaƙa kayan kiɗa suke. Shago huɗu suka juya gurmin suka miƙo masa. Na biyar wani lungu ne mai warin manne da sigari, da wani tsoho da kowa ke kira Usta, tabloli, gangunan hannu na can, jere a bayansa har rufi. Ya leƙa cikin ƙwaryar, ya shinshina fatar, ya tambayi wace dabba ce. Da Lawali ya kwatanta masa guza, sai ya ce a nan ko a gidan namun daji sai an yi bincike. Yana da fatar kifi, irin ta tambura, muryarta za ta yi kusa da ta da. Sannan ya ɗaga wayar birkin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya tambayi wane maƙiyin Allah ne ya ɗaura wannan.

Lawali ya ce shi ne, kuma wayar tana nan daram.

Usta ya ce to fatar kifi ba za ta kwana ba. Ba wata fatar halitta da za ta ɗauki wannan nauyin. Sai dai roba, irin wadda ake sa wa tablar ƙarfe, a kafa ta da ƙusoshi, a gicciya ƙarfe a cikin ƙwaryar don kada ta tsage. Tunda kuma wayar ƙarfe ce, zai iya ciro maganaɗisun wata matacciyar jita ya dasa a ƙarƙashinta, a riƙa sa shi a lasifika kai tsaye ba makirfo.

"Zaɓi ɗaya, ɗana. In kifi ne da zarenka na da, gobe ka zo ka ɗauka, ka je ka yi wa masoyiyarka kiɗa. In roba ce da wannan masifar, sai Jumma'a bayan salla. Amma in na huda ƙwaryar nan, ta hudu ke nan."

Lawali ya tuna babbar riga da rawani. Ya ce a sa roba.

Gwajin ranar Alhamis bai je ba, wayar Ishaq uku bai ɗauka ba. Ranar Jumma'a ya yi salla a kusa da Ataba, ya tsaya a kan Usta har aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Abin da aka miƙo masa ya yi nauyin gurmi biyu. Fuskarsa fara fat tana ƙyalli, ga zoben ƙusoshi kewaye, ga ramin sa waya a gindi. Bai ko gwada ba, ya cusa a jaka ya kama hanya da sauri, yana ratsa masu tallan takalma.

Ƙarfe huɗu da kwata ya shiga garejin ta ƙofar baya. Ƙungiya ta biyu na kan dandamali, bango na girgiza. A ɗan ɗakin da aka ware musu, Uzairu na zaune yana dukan cinyarsa da sanduna. Yana ganinsa ya miƙe ya gaishe shi, ya tambaya ina rawanin.

Abin da Lawali ya haɗiye kwana tara ya taso.

"Kai Uzairu, a gidanku ba a koya maka kara ba?"

"Wace kara, Yaya?"

"Babba ya ce a cire nasa, sai ka ce tamam?"

Uzairu ya tsaya da sanduna a hannu. Ya dubi Hamad, ya dawo da ido. "To ai kai ka ce a cire."

"Don na ce sai aka ce maka ina so?"

"Yaya, ni a nan unguwar Faisal na tashi. A gidanmu in aka ce ci, ci nake, in ba haka ba ƙannena su cinye. Wata biyu muna kiɗan nan, kullum in na tambaye ka sai ka ce ba laifi. Ni duba nake da zan san ba laifinka laifi ne?"

Hamad ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Uzairu ya sassauta murya ya ce wallahi da ya sani da ya bar nasa tun ranar, kuma ko yanzu ya bari. Wannan ma ya ƙara ƙona wa Lawali rai, don abin da yake nema ke nan tun farko, ga shi ya zo bayan an huda ƙwarya.

Ishaq ya faɗo ɗakin yana kumfar baki, yana tambayar inda ya shiga kwana biyu. Lawali ya zuge jaka ya ciro gurmin. Ishaq ya miƙo hannu. Ya karɓa ya juya, ya ƙwanƙwasa robar, ya ga ramin wayar. Sai ya jawo ƙaramar lasifikar da ke kusurwa, ya bi da wayar ta cikin akwatin nan nasa da ake takawa da ƙafa, mai sa jita gurnani, ya miƙa masa. Lawali ya daki tsirkiyar sau ɗaya. Kwalbar ruwan da ke kan lasifikar ta yi tafiya da kanta ta faɗo.

"Ya Rabbi," in ji Ishaq a hankali. Ya ciro takardarsa ya mai da abin da ya soke.

Ƙarfe biyar da minti goma suka hau. Wajen mutum ɗari uku, yawancinsu samari da baƙaƙen riguna, ba mai niyyar zama a ƙasa. Waƙa biyu suka wuce kamar tirela ta tsinke birki a gangara. Sannan aka shiga Ayari, sabuwar Ayarin da aka datse aka ƙara mata haƙora. Aka zo wurin. Ishaq ya ɗauke hannu, Hamad ya ɗauke, Uzairu ya ɗaga sanduna sama. Haske ya sauka a kan Lawali.

Ya fara yadda ya saba shekara uku, da ɗan gudun yatsun nan mai kamar raƙumi yana sauka daga tudu, mai lanƙwasa a ƙarshe. Wayar ta ƙi. Ta yi tauri, ba ta lanƙwasuwa, yatsa bai gama barin wuri ba gurnanin baya ya haɗiye na gaba. Abin da ya fito daga lasifika curi guda ne na hayaniya. Ya sake gwadawa, silin ƙarfe ya yanke shi a ɗan ali. Wani daga baya ya yi fito. Ya ga Ishaq ya fara matso da hannu kusa da jitarsa, zai rufa masa asiri.

Haushi ya ɗebe shi. Ya bar waƙar, ya bar raƙumi da tudunsa, ya dunƙule yatsu ya daki tsirkiyar ƙasa kamar yana dukan ƙofar wanda ya ƙi buɗe masa. Sau uku, ya tsaya. Sau uku, ya tsaya. Sau huɗu. Ba komai a ciki sai murya uku, iyakar abin da wayar ta yarda ta ba shi ke nan. A zagaye na uku Uzairu ya gane takun ya faɗo da ƙafa biyu, Hamad ya biyo. Garejin ya tashi gaba ɗaya. Kawuna suna sama suna ƙasa, wani ya hau kafaɗar wani, ƙura na zubowa daga rufi. Minti huɗun suka zama shida, mai zauren yana nuna agogo daga gefe, ba wanda ya kula shi.

A ɗakin baya Ishaq ya rungume shi ya sumbaci goshinsa. Ya ce khalas, an gama magana, wannan shi ne sautin Hashiya, a kowace waƙa sai an sa shi, a gaba ba a baya ba. Ya ce wancan tsohon wurin mai sanyi a bar wa kwamfuta, wannan dukan ukun shi za a gina sabon faifai a kansa. Uzairu ya durƙusa da wasa ya ce a yafe masa, ashe Yaya ne shugaban 'yan ta'adin. Wasu samari biyu suka kutso suna tambayar sunan abin da inda ake sayar da shi. Ishaq ya ce ranar Talata ƙarfe biyu, kuma in da hali a samo waya ta biyu da ta fi wannan kauri.

Da suka fita ɗaukar ganguna, Lawali ya zauna a kan akwatin lasifika ya zare wayar lantarkin. Ya ɗora gurmin a cinya, ya gwada ɗan gudun nan a hankali, shi da kunnensa kawai. Tak, tak, tak, kamar ana ƙwanƙwasa bokitin roba. Ya canja wurin jakin, ya sake. Haka dai. Jini ya ɗiga a kan farar fuskar, ya goge da hannun riga, ya goge tas ba ko tabo.

Hamad ya dawo ya miƙa masa filasta, ya ce shida da rabi ta kusa, in ba su tashi ba a hannun soja za su yi magariba da isha.

"Talata za ka zo?"

Lawali ya naɗe yatsan ya ɗaure. "Ina zan je? Ai ni na ci."

Tunda tashar Tahrir a rufe take, sai suka yi Ataba da ƙafa, cikin mutanen da kowa ke sauri, masu shaguna na jan ƙofofin ƙarfe. A bakin matakalar tashar wani ɗan sanda ya tare shi ya ce ya buɗe jaka. Ya zuge. Ɗan sandan ya leƙa, ya ga ƙwarya da ƙusoshi da waya, ya ɗan ja baya ya tambaye shi mene ne wannan.

Lawali ya dubi abin da ke cikin jakar. Hamad na ƙasan matakala yana yafito shi, ana jin jirgi na shigowa.

"Jita ce, ya basha," ya ce.

Ɗan sandan ya ɗaga masa hannu ya wuce.